Kawu Sule da Zabin Jugu

Tun da mutumin ya ƙi karɓar goro na san akwai magana. Ranar sadakar bakwai ta Kawu Sule ce, ina zagayawa da faranti a ƙofar gidanmu na Zongo, kowa na ɗauka yana dariya ƙasa-ƙasa, don duk Paraku an san abin da ke tsakanin Kawu da goro. Shi kuwa wannan mai babbar riga sai ya dube ni ya ce, "Ke ce Rakiya mai kunna masa fim?"

Ku da kuka saba jin Kawu a radiyo duk Asabar, kun san da goro yake auna fim. Zai jera biyar a kan tebur, ya gama sharhinsa, ya ce, "Wannan fim, goro biyu da rabi," sai ka ji ƙaras! ya gatsa rabin a gaban makirfo. Bai taɓa ba kowa biyar ba. Ni kaina da muka yi wasan kwaikwayo a kolej, ɗaya da rabi ya ba ni. Na ce, "Haba Kawu, 'yar ƙanwarka ce fa!" Ya ce, "Shi ya sa kika samu rabin."

Fim ɗin sata kuwa, irin wanda ake tura wa mutane a waya a rumfar bakin kasuwa, ko inuwar rumfar ba ya bi. An taɓa kunna wani a gidan suna a unguwar Lajifarani, Kawu ya ɗaga kujerarsa ya juya wa talabijin baya, ya zauna yana kallon bango har aka gama. Mai gida ya ce, "To Malam Sule, goro nawa?" Ya ce, "Ban gani ba, ba zan ce komai ba. Amma mai kiɗan nan, Allah ya shirye shi."

Sai maganar kyauta. Ko ruwa ba ya sha a hannun mai fim. Wani ya taɓa aiko masa da akuya daga Jugu, Kawu ya shiga motar haya da ita a kan cinya, ya mayar har ƙofar gida. Asabar na zagayowa ya ce, "Jama'a, ku shaida, ban ci nasa ba, akuyarsa ce ta cinye mini hula." Kullum maganarsa guda ce: "Abin da ba nawa ba, ba ya kwana a ɗakina."

To mai babbar rigar nan Alhaji Bukari ne, mai fataucin shanu a Jugu, wanda ya sayar da bijimansa ya shirya fim, shi ne kuma jarumin. Kafin fim ɗin ya fito ya aiko wa Kawu da shi a ɗan katin waya, cikin ambulan, tare da zabi biyu da cukwi. Ni na karɓa, don idon Kawu ya yi rauni, ni nake kunna masa komai. Washegari ciwo ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Yanzu ga fim ɗin a kowace rumfar tura fim daga Jugu har Paraku.

"Kati biyu ne a duniya," in ji Alhaji, "ɗaya a aljihuna, ɗaya a gidan nan. Mamaci ba ya sata. Saura wa?" Ya ajiye mini takardar sammaci a kan farantin goron.

Na birkita ɗakin Kawu, ƙarƙashin tabarma, cikin radiyo, har cikin buta na leƙa. Babu ambulan, babu zabi. Inna tana kuka tana cewa 'yarta za ta kwana a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ni kuwa abin da ya fi tsaya mini shi ne a ce ɓarauniyar fim ta fito daga ɗakin Kawu Sule. Ina zaune a kan kujerarsa sai maganarsa ta faɗo mini. Ba ya kwana a ɗakina! Ba shi da ƙarfin zuwa Jugu ranar da saƙon ya zo, amma ya fita sallar la'asar. Ko takalmi ban saka daidai ba na ruga gidan Liman.

"Baba Liman, Kawu ya bar maka wata ajiya?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi! 'Yata, kin zo ɗaukar zabin? Sun gama mini da dawa, asuba kuma sun riga ladan tashi."

Washegari muka hau zem, wato acaɓa, har komisariya, Liman da zabi a hammata, ni da ambulan a ƙirji. Komise, babban 'yan sandan wurin, ya jujjuya ta, ya miƙa wa Alhaji. "Liƙinka ne wannan?" Alhaji ya duba, ga salatif ɗinsa, ga sa hannunsa a kai, ko farce bai taɓa ba. A bayanta Kawu ya rubuta da manyan baƙaƙensa na mai ciwon ido, komise ya sa na karanta:

"Alhaji, ban kalla ba. Fim ɗin da ya zo da zabi, zabi zan yi wa sharhi. A ido dai, goro huɗu. Ka sake aiko da fim ɗin shi kaɗai."

Komise ya toshe baki da hannu. Da ya samu kansa ya ce, "Bon. Alhaji, naka katin wa ya taɓa gani?"

"Babu kowa! Sai dai abokaina dillalai a kara, na tura musu a waya su ga yadda na hau doki."

"Su nawa?"

Alhaji ya fara lissafi da yatsu, ya gama hannu ɗaya, ya shiga na biyu, sai ya tsaya. Ya cire hula, ya mayar. Can ya ce, "Amma na ce musu kada su ba kowa."

Ana kiran la'asar komise ya ce, "Madmazel, tafi gida, babu komai a kanki." Muka fito ni da Liman. Alhaji ya biyo mu waje ya ce, "Yarinya, ki yafe ni, ki riƙe zabin." Na ce, "A'a Alhaji, ba za su kwana a gidanmu ba."

Da na dawo na jera goro biyar a kan teburinsa, ban gatsa ko ɗaya ba. Na san da yana nan zai ce na yi son kai. Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa mini a nan. Amin.