Dagadu, Ɗan Mai Kai Saƙon Mutuwa

A ƙauyenmu na Sonkheda, in ka ga mutumin unguwar Mahar, waɗanda ake ɗauka ƙasƙantattu har ba a taɓa su, ya tsaya a ƙofar gidanka da sanda mai ƙararrawa, ba sai an faɗa maka ba, wani naka ya mutu a wani gari. Aikinsu ke nan tun kaka da kakanni: kai saƙon mutuwa da ƙafa, jan mushen shanu zuwa bayan gari, da yamma kuma su bi gida-gida a jefa musu ragowar gurasar dawa. Akwai wani dutse a gaban gidanmu, taku bakwai daga ƙofa. Nan suke tsayawa. Ban taɓa jin an ce musu nan ne iyakarsu ba, ƙafarsu ce ta sani.

Uban Dagadu ne ke riƙe da sandar lokacin da muke yara. Ni kuwa ɗan gidan Patil ne, gidan dagaci, don haka a makaranta ina kan bencin gaba. Dagadu yana baranda a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida, yana leƙen allo ta ƙofa. In ƙishirwa ta kama shi, sai ya jira wani ya ji tausayinsa ya tsiyayo masa ruwa daga sama cikin tafin hannu, don ba shi da izinin taɓa tulu. Duk da haka, in aka zo lissafi, kafin mu gama ƙirga yatsu ya ɗaga hannu daga waje. Wannan abu yana ƙona mini rai matuƙa. A aji huɗu ya daina zuwa.

Da aka yi babban fari a shekarar 1972, unguwarsu ta watse gaba ɗaya. Dagadu ya bi ayari zuwa birnin Pune yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma a hanya ya yar da sunansa. Dagadu sunan 'yan Mahar ne, duk wanda ya ji ya san gidan da ya fito. Ya koma Dinkar. Ya fara da wankin kofuna a rumfar wani, daga baya ya buɗe tasa rumfar shayin kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekara talatin manyan mutane masu taƙama da asali suna karɓar shayi daga hannunsa suna yaba citta da kanumfarinsa, ba su san hannun wa suke lasa ba. Ya yi aure a makare, matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Sayali. Ya rene ta bai taɓa faɗa mata sunan ƙauyenmu ba, balle sanda mai ƙararrawa.

Duk wannan daga baya na ji shi. Abin da na sani a waɗannan shekarun shi ne ciwona. Ɗana Kedar ya so zama likita, ya yi karatu har idanunsa suka lalace, ya ci maki tamanin da takwas bai samu gurbi ba. Wani yaro daga cikin waɗanda gwamnati ta keɓe wa kaso saboda ƙasƙancin asalinsu ya shiga da saba'in da ɗaya. Kedar yanzu takin zamani yake sayarwa a bakin titi, kuma rabon da in ji dariyarsa na manta. Duk inda aka zauna ni ne mai bakin zagin wannan kaso. Nakan ce me ɗana ya yi wa kakan wani? Har yau ban samu wanda ya ba ni amsa ba.

Wata safiya ina shan iska a tsakar gida, matata Indu ta leƙo ta ce ga wani dattijo can a waje ya ƙi shigowa. Na fita. Farar riga ce a jikinsa mai guga, da agogo, da takalmin birni. Amma yana tsaye daidai kan dutsen nan, ya ɗan rusuna kafaɗa ɗaya kamar yadda uban Dagadu ke yi.  Kafin in gane fuskarsa bakina ya riga ya tambaya wa ya mutu.

"Ba wanda ya mutu, ranka ya daɗe," in ji shi. "Dagadu ne. Alfarma na zo nema."

Sayali ta zana jarrabawar shiga makarantar likitoci. Makinta bai kai na gurbin kowa da kowa ba, amma ya wuce na kason Mahar nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne takardar shaidar asali, kuma kwana goma sha biyu ya rage a rufe. Ga shi ya kwashe shekara talatin da shida yana share sawunsa, ya kuma share shi tas. Ba shi da takardar kammala makaranta. Tsohon rajistan ajinmu gara ta cinye shi. Unguwarsu ta zama gonar rake. Jami'in bincike ya ce zai karɓi rantsuwar dattijon gari wanda ya san gidansu, kuma duk Sonkheda ni kaɗai na rage.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce masa 'yarsa a birni ta tashi, a kan benci ta zauna, ba wanda ya taɓa tsiyayo mata ruwa daga sama. Wace wahala ta sha da za a ba ta abin da aka hana Kedar?

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe, ba ta sha ba. Ni na shanye mata. Amma da an bar ni na gama aji huɗu, da ba a rumfar shayi za ta yi karatu ba, tana wanke kofi da hannu ɗaya."

Bai ce wa ya hana shi gamawa ba. Bai ko ɗago kai ba.

Kwana uku ban ba shi amsa ba. Kedar da ya ji labari ya ce in na je ofishin jami'in binciken kada in ƙara kiransa ɗana. Indu ta ce in ce ƙafa ke damuna. A rana ta huɗu na hau motar haya zuwa hedikwatar gunduma, kuma har yanzu ba zan ce alheri ne ya kai ni ba. Na dai kasa cin abinci ne tun ranar da na ga mutumin nan kan dutse.

Jami'in matashi ne mai taurin kai, ya gaji da masu asali da ke sayen takardar ƙarya don 'ya'yansu. Ya ce ba ya son "na san shi", bayani yake so dalla-dalla. Sayali tana zaune gefen ubanta, siririya, da jakar takardu a cinya. Mako biyu kacal da ta san ita Mahar ce, kuma abin da ta sani bai wuce sunan ba.

Ya tambaye ni sana'ar kakanta. Na faɗa. Ya tambayi inda suke ɗiban ruwa, na ce ƙasan rafi, bayan inda shanu ke sha. Ya tambaya ko sun taɓa shiga gidanmu, na ba shi labarin dutsen. Ina magana yana rubutawa, Sayali tana kallon ubanta, shi kuwa yana kallon agogonsa kamar mai jiran jirgi.

Sai jami'in ya ajiye biro ya ce akwai abin da bai gane ba. In har yaron yana da ƙwaƙwalwa kamar yadda na ce, me ya fitar da shi daga makaranta ba takarda?

Da na ce talauci ne, da an wuce wurin. Dagadu ma ya buɗe baki zai ce hakan. Na riga shi.

Na ce ranar da aka raba sakamakon lissafi ya zo na ɗaya na zo na biyu, sai na je na gaya wa malam cewa na ga Dagadu ya sha ruwa a tulun aji da kofinmu. Ƙarya nake yi, bai ko kusanci tulun ba. Aka fasa tulun a gabansa. Malam ya tsaya daga nesa yana jifansa da sanda don kada ya taɓa shi, har goshinsa ya fashe. Da yamma babana ya sa aka kawo ubansa ya durƙusa kan dutsen nan ya ba da haƙuri. Dagadu bai sake zuwa ba, ni kuma na koma na ɗaya.

Sayali ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa tabon da ke goshin ubanta. Ashe ya ce mata ƙofar jirgi ce ta buge shi.

Ta samu takardar, ta samu gurbin. Kedar ya yi wata takwas bai taka gidana ba, kuma ban ce ba shi da hujja ba.

Bayan shekara huɗu, da hantsi, Indu ta sake cewa ga baƙuwa a waje. Sayali ce. Ta zo da kanta daga Pune, ba ta bugo waya ba, ta ce a gidansu da ƙafa ake kai irin wannan saƙo. Dagadu ya faɗi matacce a rumfarsa da butar shayi a hannu, saura mata shekara guda ta gama. Tana faɗa mini tana tsaye kan dutsen, tana kallonsa, kamar mai gwada takalmin wani.

Na ce ta shigo. Ta tsallake taku bakwai ɗin ba ta yi jinkiri ba, ta wuce kai tsaye zuwa randar da ke tsakar gida, ta ɗauki kofin tagulla da muke sha da shi, ta ɗiba ta shanye a tsaye. "Na gode, Kawu," in ji ta. "Ruwanku da sanyi." Ta ajiye kofin a kan taga ta tafi.

Shekara shida ke nan. Ban hana kowa taɓa kofin ba, kuma ba wanda ya ce ƙazanta ne, a gidan nan mun daina faɗin irin wannan magana. Indu dai ta sayo sabo washegari. Ni da na yi rantsuwa gaban hukuma, ni da na yi kuka ranar da Sayali ta zo, sau da yawa nakan tashi da niyyar in ɗiba da shi in sha. Nakan miƙa hannu har in ji sanyin tagullar a yatsuna. Sai hannun ya tsaya da kansa, in ɗauki sabon.