Shekara Bakwai da Rasuwar Ramatu, Har Yau Ban Huce Ba

Ranar Talatar da ta wuce Ramatu ta cika shekara bakwai a ƙasa. An yi sadakar masa a gidan mijinta, an aiko mini da tawa a kwano, na mayar da ita yadda aka kawo ta. Wanda ya ga rashin kunya ce, ya gani. Na daɗe ina yi wa mutanen gidan nan gaisuwar fatar baki, bana kam na gaji.

Ni da Ramatu tare muka tashi a Filinge, tare muka shiga lakkwal, wato makarantar boko, tare aka ɗauke mu aikin koyarwa. Aurenmu ma wata huɗu ne tsakani. Na haifi uku ita ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Shekara tara tana gidan Issufu, mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa, kuma babu sunan da danginsa ba su kira ta da shi ba. Juya shi ne mai sauƙin ciki. In ta ɗauki jariri a gidan suna, sai uwar ta yi wuf ta karɓe, wai yunwa yake ji.

Da ta yanke shawarar zuwa ganin lokotoro, likitan mata, a Yamai, ni ta fara gaya wa. Murna ta sa na yi wauta. Na sayi majanyi saƙi mai kyau na kai mata, wai don ya jawo goyo. Ta warware shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sala, har da ke?"

Na ce, "Fatan alheri ne, ƙawa."

Ta jawo akwatinta ta buɗe. Takalman jarirai, 'yan huluna, layu, kowanne da wadda ta kawo shi da sunan fatan alheri. Ta ce, "Kowane ɗaya tambayata yake yi, har yanzu shiru? Ɗauki abinki. In kina son ba ni wani abu, ki raka ni."

Na raka ta. Wata takwas muna bin hanyar nan, mu wuce Bonkuku da Balleyara a matse cikin mota, mu isa Yamai ƙafafu sun kumbura. A hankali na gane irin kyautar da mace ke buƙata a wannan hali. 'Yar kular ƙanƙara don alluranta kada zafi ya ɓata su. Matashin zama mai laushi, don wurin da aka yi ta soka allura bai son kujerar mota. Dabino da ruwan sanyi na zaman layi. Ranar da ba zan iya zuwa ba, in riƙe mata ajinta. Abin da ya fi wuya shi ne kama bakina. Na daina tambayarta ya ake ciki. In ƙarshen wata ta shigo gidana ta zauna ba ta ce komai ba, na san jini ya zo. Sai in hura wuta in dama mata kunu, mu sha muna zancen jarrabawar yara.

Sau uku lokotoro yana cewa ta zo da mijinta, domin ba a neman haihuwa a jikin mutum ɗaya. Sau uku Issufu yana ƙi. A gabana ya ce, "Ni lahiyata lau. Ba ni zuwa a auna ni awa rago a kasuwa." Yayarsa, Hajiya Biba, ta ƙara da cewa a gidansu ba a taɓa yin namijin da bai haihu ba. Ramatu ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da shan allura ita kaɗai a kan abin da ba a ma tabbatar daga gare ta yake ba.

Lokotoro ya ja mata kunne kada ta haɗa maganinsa da komai. Hajiya Biba ta san da haka, domin ni da bakina na gaya mata. Duk da haka, da wata na takwas ya wuce shiru, ta zo da kwalbar jiƙo da ta karɓo wurin wani mai saiwoyi da ke bin kasuwanni. Safe da yamma take zuwa ta tsaya a kan Ramatu sai ta ga ta haɗiye. Ban ji ba sai a kwana na biyar, a lakkwal, da na ga idonta ya yi ɗorawa. Na ce, "Don Allah mi ya kai ki?" Ta ce, "Na sha don a bar ni in huta."

Amai ya biyo, ƙafafu suka haye, fitsari ya ɗauke. Ranar da muka ɗauke ta zuwa Yamai, ranar ce Issufu ya fara shiga motar nan. Lokotoro ya ce ƙoda ce ta tsaya, ya juyo ya tambaye ni me ta sha. Kwana huɗu ta yi.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Ni musulma ce, na san babu mai wuce ranarsa. Amma na kuma san hannun da ya miƙa kwalbar, kuma na ga mai hannun a tsakiyar mata tana jan casbi, tana karɓar gaisuwa. Wata ma har da cewa, "Ayya, ta tahi ba ta bar baya ba." Ko a ranar ba su bar ta ba.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Masu saiwoyi sun koma cikin waya, suna aika murya har gadon mace, suna rantsuwa wata uku ciki zai shiga. Mata sun ƙara yawa a layin lokotoro, wannan zai faranta mata. Amma da ta duba layin za ta ga har yanzu maza a cikinsa ba su taka kara sun karya ba.

Issufu ya sake aure shekara guda bayanta. Ya auri Fati, wadda Ramatu ta koya wa karatu a aji uku. Shekara shida ke nan, shiru. Watan jiya na gan ta a tasha da ambulan ɗin takardu a hannu, tana jiran motar Yamai, babu kowa tare da ita. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni shagonsa ba. Yana zaune da abokansa suna shan shayi.

Na ce, "Issufu, rufe shagon ga, mota na jiran ka."

Ya ce, "Madam, ina ruwanki da gidana?"

Na ce, "Na yi maka shiru sau ɗaya, na wanke gawa."

Babu wanda ya ɗago kai. Shi ma bai tashi ba. Na koma tasha na zauna kusa da Fati, na tambaye ta ko an fara kawo mata kwalba. Ta ce biyu. Na ce ta zubar, in an tambaye ta ta ce ni na sa ta.

Ramatu ba ta bar ɗa ba, haka ne. Ta bar ɗaruruwan yara a garin nan da ita ta fara kama hannunsu suka rubuta sunansu, ta kuma bar ni da sanin yadda ake zama kusa da mace mai jira ba tare da an ƙara mata nauyi ba. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Na san da tana nan da ta karanta wannan ta riƙe mini hannu ta ce, "Sala, yi haƙuri." Wannan kaɗai ne ban koya daga gare ta ba, domin na ga inda ya kai ta.