Muryar da Ba Tawa Ba

Akwai wata ranar Lahadi da na yi a Zuru wadda ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen 'ya'yana, ita ba za ta bar kaina ba. Ita ce ranar da na zauna ina kallon wani yana amsa sunana, mutanena suna yi masa tafi, ni kuma aka nuna mini ƙofa.

Bari in fara da abin da ban cika son faɗi ba: ni mai i'ina ne, kuma ba 'yar kaɗan ba. Kafin in gama gaida mutum ya riga ya amsa ya yi gaba. Shi ya sa da na gama sakandare na nemi aikin da ba ya buƙatar baki, na zama mai buga takardu a wani ɗan shago kusa da sakateriya. Abin da baki ya hana ni, yatsu suka ba ni. Ban da wannan aiki, kiɗa ne rayuwata. Ina da kaset cike da kwali, na kalangu da goge, na Kwango, da waƙoƙin noma na mutanenmu da nake ɗauka da rikoda lokacin bikin al'adarmu na Uhola. Na so in zama mai sa kiɗa a wurin biki, amma wa zai ba mai i'ina makirufo ya kira sunan uwar amarya?

Wajejen 2007 wani Inyamuri mai sayar da kayan lantarki ya buɗe shagon intanet, ya kafa ƙaton farantin kamo intanet a kan rufi. Ni nake buga masa takardunsa, shi kuma ya bar mini babbar kwamfutar shagon kowace Lahadi da la'asar, lokacin da ba kowa. A nan na gano wata duniya da aka gina a cikin intanet. Mutum zai ƙera wa kansa ɗan mutum-mutumi, ya sa masa kaya, ya ba shi suna, ya riƙa yawo da shi yana hira da mutanen ƙasashe ta hanyar rubutu. Har gidajen rawa suke da su, kuma kowane gida yana neman DJ da zai turo kiɗa daga inda yake. Na ɗinka wa nawa mutumin farar riga da hula, na nemi aiki a wani ɗan kulob na bakin teku, na wata dattijuwar Baturiya. Ta gwada ni sau ɗaya ta ba ni Lahadi.

Ba kuɗi a ciki, kada wani ya zata. Amma a can ni mai surutu ne. Ina sa waƙa ina rubutu, in zolayi wannan, in yi wa wancan maraba, in ba su labarin yadda ake noman gayya da abin da waƙar ke cewa. Intanet ɗinmu ba ta da ƙarfin ɗaukar kiɗa da murya tare, don haka ba wanda ya taɓa tambayar dalilin da ba na magana. Dattijuwar kan tsaya bayan an watse ta ba ni labarin mijinta da ke kwance ba lafiya. Tun da aka haife ni, a can ne na fara ganin mutane suna jiran abin da zan ce ba tare da sun kau da kai don tausayi ba.

Ina da aboki tun muna firamare, ɗan wani tsohon soja. Abokin nan nawa ya yi zaman bariki a Kaduna da Legas, bakinsa kuwa kamar an shafa masa mai, Hausa da Turanci duk nasa ne. Duk Lahadi yana gefena yana cin gyaɗa yana mini dariya.

“Kai da aljanunka,” yake cewa. “Ga mutane a waje kana wasa da 'yan tsana.”

Da damina ta kankama aka aiko daga ƙauyenmu, can gaban Ribah, cewa Baba ya faɗi a kan babur ya karye a cinya. Dawa tana tsakiyar neman noma, kuma ni ne babba. Dokar kulob ɗin ita ce DJ da ya yi ta fashi za a ba wani ranarsa. Na jera waƙoƙi a kwamfuta, na nuna wa abokina inda zai danna, na ba shi kalmar sirrin shiga.

“Ka sa ki-kiɗa kawai,” na ce masa. “Kada ka yi yawan rubutu.”

“Tahi ka duba Baba, mutumina. Aljanunka na hannuna.”

Sai da aka kusa girbi na dawo, tafin hannuna duk kanta. Ina noma ina tsara labaran da zan ba su. Ranar Lahadi ko gida ban biya ba daga coci, na wuce shagon intanet ɗin. Tun daga bakin titi na ji abin ya canza. Samari sun cika ƙofa suna leƙe. Ashe mai shagon ya ƙara ƙarfin intanet ɗinsa, ya sayo makirufo da lasifika. Ga abokina a kan kujerata, yana zuba Turanci a makirufo, yana kiran sunayen mutanena ɗaya bayan ɗaya, su kuma rubutu na ta gudu a allo. Suna cewa ashe haka muryarsa take da daɗi, don me ya ɓoye musu ita tsawon wannan lokaci.

Da ya tashi na ja shi gefe. Ya rungume ni, ya tambayi jikin Baba, ya ce in bar shi ya yi sati mai zuwa kawai don ya yi musu alkawarin wani abu. Na yarda. Tsakiyar mako na je in shiga, kalmar sirrin ta ƙi. Na same shi a wurin mai shayi.

“To mi kake so in yi?” ya ce. “Muryata suka sani yanzu. In ka koma ka yi shiru, mi za ka ce masu? In kuma ka buɗe baki, kai ma ka sani.”

Bai ƙarasa ba, ya ci gaba da juya shayinsa. Na tsaya ina neman kalma ɗaya in jefe shi da ita, ta maƙale. Mai shayi ya sunkuyar da kai.

Na je wurin mai shagon, tun da shi shaida ne. Ya tafa hannu ya ce, “Malam, ni ba ruwana. Kai lokacinka ba mutum zuwa. Shi yanzu yara cika shago, suna biya. Ku abokai ne, ku je ku gyara.”

Lahadi ta zagayo, na biya kuɗin awa kamar kowane baƙo, na zauna a kwamfutar lungu, tsakanina da abokina bai fi taku kaɗan ba. Na buɗe sabon suna. Sabon shiga a wannan duniya an san shi da gani, kayan kyauta ne a jikinsa, tafiyarsa ma a sandare. Haka na shiga kulob ɗin da na yi wata da watanni ina raya shi. Ga mutumina can a kan dandamali da farar rigar da na zaɓa masa, yana kaɗa kai. Ba wanda ya gaishe ni.

Na rubuta wa dattijuwar a keɓe. Na gaya mata komai, har na tuna mata maganganun da muka yi a kan mijinta, waɗanda ba wanda ya sani sai mu biyu. Sai ta rubuto cewa DJ ɗinta ya riga ya gargaɗe ta, ya ce a shagon jama'a yake aiki, kuma akwai wani da ke leƙa masa allo yana karanta hirarsa, wataƙila ya zo da irin wannan magana. Na ɗago kai na dube shi. Ko waiwayowa bai yi ba.

Na ci gaba da roƙo. Daga ƙarshe ta ce ita mai adalci ce, ga hanya mai sauƙi: yanzu ana iya magana da murya, in buɗe baki in yi wa jama'a bayani da kaina. Ta sanar a fili cewa ga wani yana da'awar shi ne DJ na gaskiya. Aka tsayar da kiɗa. 'Yan mutum-mutumin nan duk suka daina rawa suka juyo.

Da na san abin da na sani yau, da na tashi na tafi gida da mutuncina. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na karɓi wani makirufo a hannun mai shagon, na kai baki. Sunan da na raɗa wa kaina kawai nake so in faɗa, sunan da na rubuta sau ba adadi. Harafin farko ya fito, ya sake fitowa, ya sake fitowa. Haƙorana suka haɗu, gumi ya karyo mini. Ina jin numfashina yana dawowa ta lasifika. Wani a allo ya rubuta cewa layin ne ke yankewa. Wani ya ce a'a, rikicewar maƙaryaci ce. Samarin bakin ƙofa, waɗanda suka san ni sarai, suka fashe da dariya.

Sai abokina ya ɗauki nasa makirufon, cikin muryar nan tasa mai sanyi, ya ce da su a yi haƙuri da bawan Allah, ba shi da cikakkiyar lafiya, kada a yi masa dariya. Nan take suka shiga yabonsa, wai ga mutum mai zuciyar kirki. Dattijuwar ta rubuto mini maganarta ta ƙarshe. Ta ce DJ ɗinsu ya daɗe yana fama da kunya, sai yanzu ya samu ya buɗe, ba za ta bari wani ya ɓata masa ba. Ta danna abin da za ta danna don ta kore ni, sabon mutumina ya tashi sama ya faɗa cikin teku a bayan kulob ɗin. Kafin in miƙe daga kujera, abokina ya sa waƙar noman da na ɗauko da hannuna a ƙauyenmu, aka koma rawa.

Ban sake taka shagon ba. Na yi fushi da shi, na yi fushi da mai shagon, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na mutanen can. Wata da watanni muna tare, a ce ba ko mutum ɗaya da ya lura cewa mai rubutun ya canza.

Bayan wasu shekaru muka yi kiciɓis da shi a kasuwar Zuru, ya yi ƙiba, yana sayen taya. Ya kama hannuna yana fara'a kamar ba abin da ya faru. Na daure na tambaye shi kulob ɗin.

“Wane kulob?” Ya ɗan yi tunani, sannan ya yi dariya. “Au, 'yan tsanan nan? Ai ko Kirsimeti ban kai ba na gaji da su. Kalmar shigar ma ta ɓace mini. Wai har yanzu kana tuna wannan wasan?”

Na saki hannunsa na wuce. A ranar na gama fahimtar darasin da aka fara koya mini a shagon nan. Abin da kake numfashi da shi, a wurin wani abin wasa ne, kuma mai wasa ba ya jin nauyin fasa shi, ba ya ma tuna ya fasa. Tun daga lokacin nakan ba da aron babur, in ba da aron kuɗi, in ba da aron ɗaki. Amma wurin da nake zama ni kaina, ba na ba kowa ya riƙe mini, ko da uwa ɗaya ta haife mu.