Ɗakin Ƙasa na Saura-Kaɗan

A unguwar ba wanda ke kiransa da sunan yanka, kowa Saura-Kaɗan yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa idan ya ba da baya. Akawu ne a kamfanin inshora. Tun ranar da wani ogansa ya ja shi filin golf, wasan buga ƙaramar ƙwallo da sanda, ya dawo gida da tsohuwar sanda ɗaya da ciwon da ba shi da magani. Oga ya yi ritaya, ya mutu, an manta da shi. Shi kuwa yana nan yana gyaran bugu. Ka tambaye shi yaushe zai iya, ya ce saura kaɗan.

Matarsa Malama, mai koyarwa a firamare, ita ta ga tasku. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan benensu, shi ya ƙwace. Ya kafa raga a bango, ya ɗauke madubinta na tsaye don ya riƙa kallon kafaɗarsa, ya sa aka kwance fanka saboda sanda tana taɓa ta. Kullum daga ofis sai ɗakin: ya kaɗa sanda, ya yi tsaki, ya sake kaɗawa. Ko kofin shan ruwa bai taɓa ciyowa a gasa ba. Duk kocin da ya samu sai ya ce masa a koma farko, shi kuma ya koma, har da murna.

Sai mahaifiyarsa, Inna, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Likita ya ce ita da hawa bene har abada.

"Baban yara, gobe za a sallamo Inna. A ina za ta kwana?"

"Akwai sito," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "A fitar da kwalaye, ya isa gado."

"Sito? Inda ko taga babu? Uwar da ta goya ka?"

"Na ɗan lokaci ne, Malama. Yanzu na kama kan juyin kafaɗar nan. In na tsaya, komai ya rushe."

"Tun ina da cikin Auta kake kama kansa. Ga Auta nan yana aske gemu."

Washegari yana fita ofis ta kira mai gyaran wuta ya mayar da fanka, ta naɗe raga ta tura ƙarƙashin matakala, ta shigar da gado. Kafin la'asar Inna na kwance, iska na kaɗa mata labule.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi gado, ya dubi fanka. Malama ta riƙe ƙugu tana jiran ya ce kanzil, don ta tanadi amsar shekara da shekaru. Ya jawo sandarsa daga bayan ƙofa, ya ɗaga a hankali, kanta ya daki fiffiken fanka. Ya sauke. Sannan ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban gadon.

Zuciyar Malama ta yi sanyi. Ashe dai da sauran kunya a jikin mutumin nan, gafarar uwarsa zai nema.

Sai ta ga ya gyara riƙo, ya kaɗa sanda daga durƙushe. Sandar ta wuce fit a ƙasan fanka, ta share iska a gefen gado.

"Koci ya sha gaya mini bugun durƙuso shi ke gyara kafaɗa," ya ce, fuskarsa fal annuri. "Inna, ke dai kar ki miƙo hannu ta nan."

Inna ta juya kai ta dubi surukarta.

"'Yar nan, ɗakin yana da makulli?"

"Yana da shi, Inna."

"To fitar da shi, ki kawo mini. Sandar kuma ki bar ta nan, zan dogara in shiga banɗaki."