Ranar da Na Kankare Tifar Tsoho

Shekarata ta biyu a New York na samu aikin kula da wani tsohon Bature a Morris Heights. A gidansa nake kwana, a wani ɗan ɗaki kusa da kicin. Takarduna ba su fito ba, ba ni da kowa a garin, in ya kore ni sai titi. Fita kuwa babu, don ba ya iya tashi shi kaɗai. Jirgin ƙasa mai lamba huɗu ta taga kawai nake jin wucewarsa.

Falonsa cike yake da motocin wasan yara na ƙarfe: tifofi, katafila, tankar mai, motar kashe gobara, duk a jere kan kanta. Kullum sai ya ba ni tarihinsu, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Wai irin ƙarfen da ake yin jikin motar gaske da shi ake dannawa a inji, har yaro ya hau ya zauna ba ta lotsa ba. Wai lokacin yaƙin duniya na biyu an daina yin su saboda sojoji sun kwashe ƙarfen, daga baya roba ta zo ta kashe sana'ar. Ni dai sai in ce, "To, Baba," ina ta yanka albasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsatsa. Haba! Ni da uwata ta raine ni a kan kada tukunya ta kwana da baƙi? Akwai wata tifa ja a tsakiya, fentin duk ya ɓaɓɓare, kai ka ce daga bola aka tsinto ta. Wata takwas ina kallon ta, hannuna na ƙaiƙayi.

Wata Talata da hantsi yana barci, na sauko da ita. Na sa soson ƙarfe da sabulu na dirje ta tas, har sai da na ga fuskata a ƙofarta. Na mayar da ita ina jiran yabo.

Da na turo shi falo a keken guragunsa, sai ya ƙura wa tifar ido. Can ya ce, "Ina jan?"

Na ce, "Datti ne, Baba, na wanke."

Ya ce ba datti ba ne. Tifar ƙaninsa ce da ya rasu suna yara, kuma wurin da fentin ya goge a saman, nan yake dafawa in yana tura ta. Innalillahi!

Da yamma 'yarsa ta zo, ta yi ta masifa, ta ce in haɗa kayana. Na haɗa. Jaka ɗaya ce dama. Ina tsaye bakin ƙofa, ban san inda zan nufa ba, sai tsohon ya ce, "Ƙyale ta. Wa zai yarda ya zauna da ni in ba ita ba?"

Na durƙusa na yi godiya, na mayar da jakar ƙarƙashin gado. Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka mai isata. Wallahi sai a lokacin na gane ashe so nake a kore ni.