Ƙamshin Wardi a Cikin Takaba

Ranar da na shiga takaba, gwaggona ta kwashe duk wani abu mai ƙamshi a ɗakina ta ɗaure a buhu, har da kwalbar turaren maigidana. Ban yi musu ba, haka shari'a ta ce. Amma rigarsa ta Juma'a na ɓoye ta a ƙarƙashin matashi.

Shi manomin masara ne. Kwana shida yana warin taki da gumi, ran Juma'a kuwa sai ya shafa turaren da wata Bayarabiya, haifaffiyar Funtua, take haɗa masa a kasuwa. Ƙamshin wardi ne mai sanyi. Duk zamanmu na ɗauka nasa ne shi kaɗai.

Kafin a yi arba'in ƙamshin rigar ya fara gushewa. Kullum na shinshina sai in ji ya ƙara nisa. Tsoro ya kama ni, don muryarsa ma ta fara ɓace mini.

Wata rana da hantsi ina tsintar wake a ƙofar ɗaki, sai ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Wallahi zumbur na miƙe, waken ya watse. Ashe matar da ke haya a ɗakin gefe ce take wanki da wani sabulu mai araha.

Da Bayarabiyar ta zo gaisuwa na ba ta labari.

"Hajiya, ai abu ɗaya ne," in ji ta. "Wani mai ne fari kamar ruwa, a kamfani ake yin sa, ko fure bai taɓa gani ba. Jarka-jarka ake kawo mana. Yana cikin sabulu, yana cikin man shafawa. Malam dai yana son sa da yawa, shi ya sa nake ƙara masa ɗigo biyu."

Haushi ya kama ni, kamar ta ce mijina na kowa ne. Ta lura, ta riƙo hannuna.

"To ba gara haka ba? Da mai tsada ne, ina za ki riƙa jin sa?"

Washegari na roƙi maƙwabciyata ta riƙa yin wanki kusa da ƙofata. Gwaggo ba yarinya ba ce, nan da nan ta gane, ta harare ni.

"Ban shafa ba, Gwaggo," na ce. "Iska ce ta kawo."

Ta dubi wankin da maƙwabciyata ta shanya. Sannan ta tashi ta janyo tabarmata, ta shimfiɗa mini a ƙarƙashin igiyar shanya.