Na'urar Saita Fiyano da Ta Gagare Ni

Na daɗe ina gyaran rediyo da amfilifaya a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Muda Lawal. Wata ranar Talata wani dattijo ya sauko daga keke rungume da akwatin ƙarfe. A Yelwa yake zaune, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu, shi ke kuma saita masa murya. Akwatin tsohuwar na'urar saita sauti ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Tana da faifai mai zane-zane da ke juyawa a bayan gilashi. In sautin da ka buga daidai yake, sai zanen ya tsaya cak a ido. In ya kauce, sai ya riƙa sulalewa hagu ko dama.

"In na kunna ta, gaskiya take faɗa," in ji shi. "Da ta yi rabin awa sai ta fara ƙarya."

Ya bar mini wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, wanda in an buga shi sautinsa ba ya canzawa, don in riƙa gwaji.

Na san inda ciwon yake. Osileta ce, ɓangaren da ke ba injin da ke juya faifan bugun da yake bi. Na sauya kafasito, ɗan abin nan mai tara wutar lantarki, na sauya bawul, 'yar kwalbar nan mai ɗaukar zafi, na sake bin kowace mahaɗa da dalma. Mako biyu ina abu ɗaya. Kullum sai ta fara lafiya, in tafi sallar azahar, in dawo in tarar zanen yana tafiyarsa.

Ran Asabar ƙanina ya biyo da saƙon Inna. Ni na koya masa riƙe ƙarfen dalma tun yana sakandare, yanzu kuwa a ɗakin gwaje-gwajen jami'a yake aiki. Ya tsaya yana kallon faifan. Can sai ya ɗauki maficina ya shiga yi wa cikin akwatin fifita. Ina kallo zanen ya rage gudu, ya rage, har ya tsaya.

"Yaya, zafi ne," ya ce. "Wannan kafasiton ya matse wa bawul. Kuma irinsa da ya ji ɗumi sai ya canza."

Sabon da na saka da hannuna yake nunawa.

"Ai na lura da shi," na ce. Ƙarya nake yi.

Ya tona kwandon tarkacena ya ciro wani irin da zafi ba ya damunsa, daga cikin wata matacciyar rediyo da na shekara ina takawa. Ya matsar da shi nesa da bawul, ya yanko gwangwanin madara ya yi masa katanga, ya ƙara abin da zai daidaita wutar da ke shiga ɓangaren. Kafin la'asar ya gama. Muka bar ta a kunne awa uku, muna buga ƙarfen nan, zanen ko motsi. Ina ta cewa madalla, amma a baki kawai. Har addu'a na yi a raina ta sake kaucewa, ko da kaɗan ne.

Da dattijon ya zo ya gwada, sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Ɗana, yaya ka yi?"

"Ƙanina ya ɗan sa hannu, Baba."

Da ƙyar maganar ta fito. Nan take ya nemi lambarsa, na ba shi.

Bayan mako guda muna cin tuwo a gidan Inna, ƙanina ya ba da labarin yadda dattijon ya kai shi ya ji fiyanon. Inna sai murmushi take yi tana sa masa albarka. Shi kuwa ya ce, "Ai Yaya ya riga ya gama aikin, ni ƙarashe kawai na yi." Da gori ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tsame hannu na ce na ƙoshi.

Tun daga lokacin masu kiɗan coci suka san shagona. Sukan shigo da tsofaffin kayansu, mu gaisa, sannan su leƙa bayana su ce, "Ƙanin nan naka yana nan?" Nakan ce aiki ya yi masa yawa, su bar kayan a wurina. Wani lokacin gaskiya ne.